Yadda Ake Gyaran Ɗanyen Kifi Ta Hanyar Sanin Sassan Jikinsa

Duk wanda ya taɓa cin miyar kifi mai ɗaci ya san takaicin abin. An kashe kuɗi, an ƙone itace, ga tarwaɗa mai ƙiba a kwano, amma kowace loma sai an yamutsa fuska. Abin da ya jawo haka wata 'yar jaka ce koriya da ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, wadda wuƙa ta fasa a lokacin gyara. Haka ƙarnin da ke bin hannu da kwano har washegari, haka kumburin yatsa bayan sukar ƙaya, kowannensu akwai wurin da yake fitowa a jikin kifi. Mu da muke zaune tsakanin Gulbin Kabi da Kwara, tun daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har Yawuri, kifi cimarmu ce ta kullum, kuma bai kamata a ce gidajen masunta kaɗai suka san cikinsa ba. Zan ɗauki kifi biyu in bi su daga kai zuwa wutsiya: tarwaɗa, wadda ba ta da ɓawo, da karfasa mai ɓawo. Wanda ya iya waɗannan biyun, sauran ba za su ba shi wuya ba.

Ka tanadi ƙaramar wuƙa mai tsini da kaifi, da babba ta sara ƙashi, da katakon yanka, da roba biyu na ruwa, da toka ko gishiri, da lemun tsami, da cokali, da tsumma mai kauri.

Mataki na farko: duba kifi tun a hannun mai sayarwa

A kowane gefen kan kifi akwai marfi mai tauri, wanda ake ce wa kunnen kifi ko da yake ba da shi yake ji ba. Ɗaga shi da yatsa. A ƙarƙashinsa za ka ga jan soso jere a kan ƙasusuwa huɗu masu lanƙwasa. Da shi kifi yake numfashi: ruwa ya shiga ta baki, ya bi ta kan soson, jini ya ɗebi iskar da ke cikin ruwan, sannan ruwan ya fita ta ƙarƙashin marfin. Da yake jini ne cike da wurin, kuma duk dauɗar ruwa ta nan take bi, shi ne yake fara lalacewa. Sabon kamu sosonsa ja ne jawur, yana ƙyalli. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, yana yauƙi yana tsami, mayar masa da abinsa komai arharsa.

Sai ido. Na sabon kifi a cike yake, garau. Na wanda ya kwana ya faɗa ciki, ya yi hazo. Danna tsokar baya da babban yatsa, in ta taso ta koma daidai to lafiya, in ramin yatsan ya zauna kifin ya jima. Ka juya cikinsa ka dubi duburarsa, wato ƙaramar kafar da ke kusa da wutsiya. Kumburin ciki tare da ruwa mai wari yana tsattsafowa daga nan alama ce hanji ya fara narkewa. Ka kuma shinshina da kyau. In ka ji warin maganin ƙwari, kada ka saya, domin har yanzu akwai marasa tsoron Allah da ke zuba gamalin a tafki su kwashe duk abin da ya taso, manya da 'ya'ya, kuma dafuwa ba ta kashe wannan guba.

Tarwaɗar kiwo da aka sayo da rai tana iya zuwa da warin laka. Warin a kitsenta yake zama, wanki ba ya fitar da shi. Bar ta kwana biyu ko uku a ruwa mai tsabta ba abinci, kana sauya ruwan, zai ragu ƙwarai.

Mataki na biyu: riƙo da ƙaya

Kafin wuƙa ta taɓa kifi, ka san inda makamansa suke. Karfasa a gadon baya take ɗauke da nata: ƙegen bayanta, wato fiffiken da ke tsaye a gadon bayan, rabin gaba ƙayoyi ne masu tsini sama da goma sha biyar, rabin baya kuma mai laushi. Shafa hannunka daga kai zuwa wutsiya, ƙayoyin za su kwanta, sai ka damƙe. Akwai wasu uku a ƙasa, bayan dubura.

Tarwaɗa kuwa dogon ƙegen bayanta ba shi da ƙaya ko ɗaya. Nata biyu ne, ɗaya a kowane gefe dab da kai. Ɗora tsumma a kanta, tafin hannunka a kan faffaɗan ƙoƙon kai, yatsunka a bayan ƙayoyin nan biyu. Ƙurungu ya fi kowa mugunta a nan, don nasa uku ne, biyu a gefe ɗaya a baya, masu haƙora irin na zarto, kuma in ya miƙe su yakan kulle su daga tushe, ƙarfin hannu ba ya kwantar da su. Kukan nan da yake yi in an fito da shi daga ruwa, gogar tushen ƙayar ce a cikin gurbinta. Kada ka yi kokawa da shi, sare ƙayoyin daga gindi, ka tattara su nan take ka jefa a wuta. Ƙayar da aka bari a tsakar gida ƙafar yaro take jira.

In ta soke ka, matse wurin jini ya fita, ka wanke da sabulu, ka tsoma a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa na kamar rabin awa. In wani guntu ya karye a ciki, ko wurin ya kumbura yana zogi washegari, tafi asibiti a duba, a yi maka allurar tetanus in ta kama.

Mataki na uku: kashewa da fitar da jini

Kifi ba ya buƙatar yanka kafin ya halatta, kowa ya sani. Amma an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kashe abin da za mu ci, shi ya sa ba na son al'adar nan ta zuba wa tarwaɗa gishiri a rufe ta a roba tana birgima har ta mutu. Azaba ce mai tsawo. Tarwaɗa tana da taurin rai, kuma dalilin yana cikin kanta, za mu zo wurin. Ƙwaƙwalwarta na ƙarƙashin ƙoƙon kai, can bayan idanu. Buga wurin da ƙarfi sau ɗaya da bayan adda ko taɓarya, sannan ka sa babbar wuƙa daidai inda ƙoƙon kai ya ƙare ka datse ƙashin baya.

Zuciyar kifi ƙarama ce, tana ƙasan maƙogwaro tsakanin soson dama da na hagu, kuma daga ita jini kai tsaye yake zuwa soso. Yanka wurin tun zuciyar ba ta tsaya ba, ka sa kifin a ruwa minti biyar zuwa goma kansa a ƙasa. Tsokar za ta fito fara, ƙarni ya ragu, kuma kifin ya fi jimawa bai lalace ba.

Mataki na huɗu: yauƙi da ɓawo

Yauƙin jikin tarwaɗa shi ne kariyarta daga cuta a cikin ruwa, tun da ba ta da ɓawo. A tukunya kuwa shi ne rabin ƙarni. Toka ta fi komai cire shi. Barbaɗa ta ko'ina, ka murza daga kai zuwa wutsiya, ka ɗauraye. Gishiri da lemun tsami ma suna yi. Masu amfani da ruwan zafi su kula kada ya zama tafasasshe. A kwara a hankali, da zarar yauƙin ya yi fari a kankare da bayan wuƙa, a tsoma a ruwan sanyi. In ya wuce haka fatar za ta saɓule, kifin ya farfashe a miya.

Ɓawon karfasa gefen kai yake kafe a fata, gefen wutsiya yake a sake, don haka daga wutsiya ake kankara zuwa kai. Yi a cikin robar ruwa kada ya fantsama. Wuraren da ake mantawa su ne ƙarƙashin ciki, da gindin ƙege, da kumatu. Kana cikin kankara za ka ga wani siririn layi a gefen jiki, wanda a karfasa ya rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa kusa da wutsiya. Da shi kifi yake jin motsin ruwa, shi ne ya sa yakan tsere tun homa ba ta iso shi ba. Ka riƙe wurin a ranka, zai yi amfani wajen yanka.

Mataki na biyar: buɗe ciki

Nan ne aikin yake, kuma nan ne gaggawa take ɓata shi. Kwantar da kifin, cikinsa yana fuskantarka. Sa tsinin wuƙa a dubura, kaifin yana duban sama, ka tura zuwa maƙogwaro, fata kaɗai kake tsagawa. Zurfin da wuƙa za ta shiga kada ya wuce faɗin farce. A kasuwar kifi ta Yawuri na ga wata dattijuwa ta riƙe hannun wani yaro da ya caka wuƙa tsaye a cikin karfasa. Ta ce, "Ɗana, kihi ba rago na ba. Ɗaga bakin wuƙa sama." Ya ce, "To, Inna." Ta sa yatsu biyu a cikin tsagar ta ɗaga fatar, wuƙar ta bi tsakaninsu, cikin ya buɗe ba abin da ya fashe. Yi yadda ta yi.

Da ka buɗe, dakata ka duba kafin ka ja komai. Daga wajen kai, abin da za ka fara gani hanta ce, ja mai duhu a tarwaɗa, mai haske-haske a karfasa. Ɗaga ta a hankali. Maƙale a jikinta akwai maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, koriya ko ruwan ɗorawa, fatarta siririya ƙwarai. Kifin da ya kwana bai ci abinci ba, irin wanda aka ajiye a ruwa, tasa takan cika ta yi tam, taɓawa kaɗan ta fashe. Kada ka kama jakar da kanta. Kama siririn wuyanta da farce biyu, ka yanke ta tare da ɗan guntun hanta, ka jefar. In ta riga ta fashe, kada ka tsaya, ɗauraye da ruwa mai yawa nan take, ka goga gishiri da lemun tsami, duk tsokar da ta rine kore ka yanke ta. In aka bar ta ta shiga nama ba abin da zai fitar da ɗacin. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa haɗiye ta ɗanya magani ne. A ƙasashen Asiya an sha kwantar da mutane a asibiti ƙodarsu ta tsaya saboda haɗiye maɗaciyar kifi.

Bayan hanta sai tumbi da hanji, kuma a nan za ka gane abin da kifi yake ci. Tarwaɗa mai cin nama ce da duk abin da ta samu, tumbinta jaka ce mai kauri, hanjinta gajere. Karfasa gansakuka da ciyawar ruwa take ci, abinci mai wuyar narkewa, shi ya sa hanjinta siriri ne a nannaɗe, in ka warware shi yakan ninka tsawon jikinta sau shida ko fiye. Koren abin da ke cikinsa yana da ɗaci shi ma, kuma hanjin saurin tsinkewa gare shi. Yanke maƙoshi daga sama, ka sa yatsu a bayan kayan cikin gaba ɗaya, ka jawo su dunƙule guda zuwa wutsiya, sannan ka yanke a bakin dubura. Ɗan jan abu mai duhu da ke kusa da tumbi saifa ce. Hantar sabon kifi mai santsi, mai launi ɗaya, ana ci. Mai ɗigo-ɗigon fari ko ƙuraje a zubar. Tumbin babbar tarwaɗa ma ana tsaga shi a wanke da gishiri a sa a farfesu.

Wani lokaci za ka tarar da tsutsotsi sirara, farare ko jajaye, a nannaɗe jikin hanji ko bangon ciki. Kifin gulbi ya saba da su. In kaɗan ne cire su, ka dafa kifin ya nuna har ƙashi, zafin da ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyas a tsakiyar tsoka yana kashe su. In sun cika tsokar, haƙura da kifin.

Can wajen baya, a gefe biyu, akwai kayan haihuwa. Na mace jaka biyu ne na ƙwai, a tarwaɗa masu launin kore-kore zuwa ruwan ƙasa, kuma da damina sukan cika cikin. Na namiji dogaye ne farare masu baki tsattsage. Tun daga waje ma ana ganewa: namijin tarwaɗa yana da ɗan tsiro mai tsini a bayan dubura, na mace a zagaye yake. Ƙwan kifi da daɗi, ba musu. Sai dai duk lokacin da na ga tarwaɗar gulbi cike da ƙwai a kan tebur a watan Yuli, raina ba ya so, domin dubban kifin baɗi ne a kwano ɗaya. Kabawa sun san wannan tun da daɗewa. Ruwan Matan Fada a Argungu, Sarkin Ruwa yakan hana kamun kifi a cikinsa sai lokacin biki ya zo, bikin da ya samo asali a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Hutun da ake ba ruwan ne ya sa ake fito da manya, kamar mai kilo 78 da ya zo na ɗaya a 2020. In da hali, da damina sayi ta kiwo, ka bar ta gulbi ta zuba ƙwanta.

Kayan ciki sun fita, amma saura abu uku. Na farko baƙar fatar da ta shimfiɗe bangon cikin karfasa, murje ta da gishiri har sai wurin ya yi fari. Na biyu jakar iska, wadda ke manne a sama ƙarƙashin ƙashin baya, da ita kifi yake daidaita tsayuwarsa a ruwa ba ya nutsewa ba ya tasowa. Ta karfasa siririya ce, ja ɗaya take fita. A tarwaɗa ba za ka gan ta ba, ƙarama ce ƙwarai kuma ƙashi ya rufe ta a bayan kai. Ta giwan ruwa kuwa fara ce mai kauri, kada ka zubar, ana ci, har a tafkin Biktoriya busar da ita ake yi a kai Sin da tsada. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: wani dogon layi baƙi-baƙi manne da ƙashin baya, da mutane ke ɗauka daskararren jini ne. Ƙodar kifi ke nan. Tsaga siririyar fatar da ta rufe ta, ka kankare da bakin cokali tun daga kai har ƙarshen ciki, ka bi da ruwa. Kifin da aka wanke sau biyar yana ƙarni, duba nan, za ka tarar ba a taɓa wurin ba.

Tarwaɗar kiwo takan tara kitse rawaya a ciki. Rage shi, musamman in banda za a yi.

Mataki na shida: kai

Kan kifi ba abin yarwa ba ne, romon farfesu daga nan yake. Buɗe marfin kunne, yanke ƙasusuwan soso a sama da ƙasa inda suka kafu, ka fizge su duka. A kan tarwaɗa, tsaga shi ta ƙasa ka leƙa sama da soson. Za ka ga wani jan abu mai rassa kamar ƙaramar bishiya, a kowane gefe. Da shi take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ya kusa ƙafewa, take jan ciki a kan laima daga tafki zuwa tafki, take kuma yin awoyi a kwando ba ta mutu ba. Ramboshi ma yana da shi. Laka da yashi suna maƙalewa a rassan, cire shi gaba ɗaya. Gashin bakinta guda takwas, da su take laluben abinci a ruwa mai duhu, yanke su don kyan gani kawai.

Bakin karfasa kuwa ka leƙa ciki. In ka ga ƙwai ko ƙananan 'ya'ya, galibi uwa ce, a baki take renonsu. A maƙogwaronta akwai faifan ƙashi mai ƙananan haƙora da take niƙa abinci da shi, shi ma a fitar.

Mataki na bakwai: yanka

Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne. Taɓa da bakin wuƙa ka nemi tsakanin gaɓa biyu, za ta wuce ba sara, kuma ba za a sami ɓaraguzan ƙashi a miya ba. Gunduwar tarwaɗa kada ta gaza faɗin yatsu uku, don namanta taushi gare shi. Karfasar da za a soya ko a gasa ɗungum, a yi mata tsaga biyu ko uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi. In tsoka zalla kake so saboda yara, giwan ruwa da ragon ruwa sun fi dacewa. Tsaga ta gadon baya, wuƙa tana kwance a kan ƙashi, ka bi ta saman haƙarƙari. Giwan ruwa yana da ƙaya mai kaifi a gefen marfin kunne, tana yanka hannu. A ƙarƙashin layin gefen nan da na ambata akwai jar tsoka mai maiƙo, ita ce take fara canza ɗanɗano, a yanke ta in kifin zai daɗe a firji.

Tsage, ban da haƙoransa, yana da ƙananan ƙayoyi masu baki biyu a warwatse cikin tsoka, ba a iya tsince su. A yi masa tsaga kusa da kusa, a soya ya yi ƙayau, kuma kada a ba ƙaramin yaro. Minjirya kada a taɓa ta da rai hannu tsirara, wutarta takan kai bolt 300 da wani abu. Abin da ke ba da wutar wani kauri ne mai kama da kitse a ƙarƙashin fata, ya zagaye jiki, ana feɗe shi tare da fatar. Gaiwa, wadda ke shiga laka ta yi rani, huhu biyu gare ta dogaye da cizo mai ƙarfi, a fara da kai. Talibambam kuwa danginsa suna ɗauke da guba a fata da hanta da ƙwai, wuta ba ta kashe ta, ni shawarata a bar shi.

Mataki na takwas: ajiya

Ɗauraye sau biyu, na ƙarshe da lemun tsami, ka tsane a kwando. Kada ka bar yankakken kifi ya jiƙa a ruwa, daɗinsa yake tafiya. A zafin Kebbi na watan Afrilu, kifin da ba a cire wa ciki ba ba ya kai yamma. In akwai ƙanƙara, a jera ƙanƙara a ƙasa, kifi, ƙanƙara a sama, nauyinsu ya zo ɗaya, har cikin kifin a cusa.

In banda za a yi, a shafe shi da gishiri ciki da waje, a bar shi ya tsane a inuwa an rufe saboda ƙuda. Tarwaɗa tun tana ɗanya ake tanƙwara ta, kafin jikinta ya sandare, a haɗa wutsiya da kai a soke da tsinke. A fara da wuta marar ƙarfi har fatar ta bushe, sannan a ƙara ta nuna, sannan a koma hayaƙi a hankali ana juyawa. Itace mai tauri busasshe ake so, ban da leda, da taya, da katako mai fenti. Wajen kai da kaurin wuya ne suke riƙe ruwa, can za ka danna ka ji ko ya bushe, don daga can tsutsa take farawa. In ya yi sati biyu a ajiye ka ga alamar laima ko ƙwaro, mayar da shi kan wuta ya sha hayaƙi. Kada a fesa masa maganin ƙwari ko kaɗan. Kayan cikin da aka cire kuma a dafa wa kaji ko a binne a gindin bishiya, a wanke katako da wuƙa da toka da ruwan zafi kafin su taɓa wani abinci.